Kafin Ka Ɗora Hannu a Jikin Mutum: Jagora ga Mai Koyon Tausa

Duk wanda ya shigo shagona a nan Gombe, ɗan dako ne daga Tudun Hatsi, direba ne da ya wuni a hanyar Yola, ko yaron da ya baro filin ƙwallo na Pantami yana ɗingishi, maganarsa ɗaya ce: "Malam, jijiya ce." Jijiya ta hau, jijiya ta riƙe, jijiya ta harɗe. Farkon shigata sana'ar nan, da na ji haka sai in ce to bari a warware ta, in tsiyaya mai in hau murza. Na daɗe kafin in gane cewa kalmar nan ɗaya tilo abubuwa huɗu ta goya, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu yake jure murza. Sauran ukun in ka takura musu sai su kwantar da mutum, wani sa'in ma har a kai ga zaman makoki.

Salon hannu a gaban maigida ake koyonsa, ido na kallo hannu na kwaikwayo. Abin da rubutu zai iya ba ka shi ne sanin abin da ke kwance a ƙarƙashin fata, da wanda za ka taɓa da wanda za ka sallama, da yadda ake riƙe amanar jikin da aka miƙa maka. Da "ka" nake magana don maza nake yi wa aiki, amma 'yan'uwa mata masu bin gidaje suna yi wa amare da masu jego, duk abin da ke nan ya shafe ku, wani ma ya fi shafarku.

Mataki na farko: ka je kwata

Ba ba'a nake ba. Ka yi sammako ka je wurin mahauci, ka ce ya ba ka cinyar rago sukutum har ƙasa, a feɗe amma kada ya daddatsa. Ka zauna da ita da ƙaramar wuƙa. Jan naman nan shi ne tsoka. Bi shi da yatsa, za ka ga ya tsuke ya koma wata farar igiya mai sheƙi ta je ta kama ƙashi: agara ke nan, irin wadda kake ji a bayan dunduniyarka. Ja tsokar ka ga ƙafar ta motsa da kanta. Duk motsin ɗan Adam haka yake, tsoka ta tsuke, agara ta ja, gaɓa ta lanƙwashe. A jikin gaɓar kuma akwai wasu gajerun fararen ɗauri da suka haɗa ƙashi da ƙashi, su ne ke ɗamewa ko su yage in an yi targaɗe.

Yanzu ka raba tsokokin ta cikin cinyar. Za ka tarar da bututu biyu suna tafiya tare. Ɗaya mai kaurin bango ne, ko an yanke shi bakinsa a buɗe yake kamar tiyo. Shi ke kawo jini daga zuciya, irinsa ne kake jin bugunsa a wuyan hannu. Ɗayan mai laushi ne, ya shafe kamar ledar fiya wata da aka shanye; shi ke mayar da jini. A gefensu ga wani farin zare marar rami a ciki. Wannan ita ce jijiyar laka, wayar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ka sa mahaucin ya tsaga maka ƙashin baya ka ga lakar kanta, ka taɓa ka ji taushinta. Wanda ya taɓa laka da yatsansa sau ɗaya ba zai sake yarda ya hau bayan mutum da ƙafa ba.

To ga huɗun nan: agara, mai kawo jini, mai mayar da jini, da ta laka. Aikinka a kan tsoka yake, sai agara da ke karɓar murza in an bi ta a hankali. Yawancin abin da mutane ke cewa jijiya ta riƙe, tsoka ce ta ƙulle. Jijiyar jini ba a danne ta. Ta laka kuwa da kanta take kai ƙara: in ka danna wuri mutum ya ce ya ji kamar lantarki ya ja shi, ko kamar kiyashi na bin ƙafarsa, ko yatsunsa sun sage, ɗage hannunka nan take. Wannan ba alamar aiki yana ci ba ce.

Baligi yana da ƙashi 206 da tsoka sama da 600. Ba a ce ka haddace su ba, amma ƙashin baya dole ka san shi kamar hanyar gidanku. Guda 7 ne a wuya, 12 a gadon baya kowanne riƙe da haƙarƙari biyu, 5 a ƙugu, sai 5 da suka manne suka zama allon kwankwaso, sai 'yar wutsiya a ƙarshe. Tsakaninsu akwai faifan guringuntsi da ke shanye girgiza. Ka sa abokinka ya sunkuyar da kai: tudun da ya fi fitowa a gindin wuya shi ne na 7. Ka dafa saman ƙashin ƙugunsa dama da hagu, layin da ya haɗa hannayenka ya ratsa ta kan na 4 na ƙugu. Bayan mutum kamar gona yake, kunya biyu na tsoka da kwari a tsakiya. A kan kunyoyin ake aiki, kwarin ƙashi ne, ba a danna shi.

Akwai wuraren da hannu ke wucewa kawai, ba ya tsayawa. Babbansu gaban wuya. A gefen maƙogwaro, ƙarƙashin muƙamuƙi, manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suke, kuma a jikinsu akwai wani ɗan wuri mai auna ƙarfin jini. In ka danna shi, jiki zai ɗauka jini ya hau, ya rage bugun zuciya, mutum ya sume a hannunka. Ga dattijo abin ya fi haka muni, don kitsen da ya daskare a bangon jijiyar yana iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa. Sai murɗe wuya a ji ƙas, irin wanda wasu masu aski ke yi wa mutum kyauta bayan sun gama. Ni ba na yi, kuma ba na bari a yi min. Akwai jijiyoyin jini biyu da suka bi ta cikin ƙasusuwan wuyan kansu. Fizga ɗaya na iya tsaga bangonsu, saurayi lafiyayye ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ba kullum yake faruwa ba, amma me ƙarar ta ƙara wa mutum da za a sa ransa a caca dominta?

Sauran wuraren su ne hammata, da kwarin da ke bayan gwiwar hannu ta ciki, da lungun da cinya ta haɗu da mara, da bayan gwiwa. Duk jijiyoyin jini da na laka a fili suke a nan, babu tsokar da ta rufe su. Ƙasan haƙarƙari ta baya kuma ƙoda ce dama da hagu, ga haƙarƙari biyu na ƙarshe a kowane gefe da ba su kama komai ta gaba ba, don haka ba a duka a nan, ba a sa gwiwar hannu. Ciki sai shafa mai sauƙi. Saifa tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, tana kumbura ga wanda zazzaɓin sauro ya daɗe yana bugawa, kumburarriyar saifa kuwa fashewa take yi. Kaluluwa ma ba a murza ta, ita alama ce ta cewa jiki yana faɗa da wani abu a kusa.

Mataki na biyu: baki kafin hannu

Nan ne sana'ar take. Minti biyar na tambaya, kana zaune, shi ma yana zaune da rigarsa.

"Baffa, a nuna min wurin da yatsa ɗaya. Yaushe ya fara? Faɗuwa aka yi ko haka kawai aka tashi da shi? Yana sauka ƙafa? Yana tayar da ku daga barci? Akwai zazzaɓi? Wane magani ake sha, na asibiti da na gida? An taɓa yin tiyata?"

Dattijo zai ce, "Kai yaro, tausa na zo ko asibiti?" Ka yi dariya ka ce, "Baffa, matambayi ba ya ɓata." Zai amsa.

Ga dalilin da ya sa ba na tsallake wannan. Ina shekara ta biyu a gaban maigidana, wani ɗan kasuwa ya shigo da hantsi, saukarsa ke nan daga motar Legas, ya kwana ya wuni ƙafa a takure tsakanin kaya. Ya ce sharaɓarsa ta hagu ta riƙe. Maigida ya fita, ni kuma ina ɗokin in nuna na iya. Har na kwantar da shi na zuba man kaɗe a tafin hannu, sai ga maigida. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafar ya riƙe min wuyan hannu. Ya ɗauko tef ɗin tela ya auna sharaɓa biyun a wuri ɗaya, ta hagu ta ɗara da fiye da santimita 3. Ya sa na dafa bayan hannuna a kai: ɗumi kamar an ajiye ta a rana, fatar ta ɗame tana sheƙi. Ya ce, "Alhaji, yau ba tausa. Kada ka taka da nisa, ga Keke Napep a waje, asibiti za ka yanzu." Mutumin ya fita yana mita. Hoton da aka ɗauka ya nuna jini ne ya daskare a jijiyar can ciki, abin da likitoci ke kira DVT. Da na murza, gudan jinin na iya ɓallewa ya bi hanya ya toshe huhu, kuma wannan a cikin mintuna yake kisa. Man nan a wandona na goge shi, hannuna na rawa.

Ka riƙe siffar: ƙafa ɗaya, kumburi, ɗumi, ciwo. Ya fi samun wanda ya yi doguwar tafiya a zaune, har da alhazan da suka sauka daga jirgi, da wanda aka yi wa tiyata ko ya daɗe a kwance, da mai ciki, da mai jego musamman a makonni 6 na farko. Masu yi wa mata aiki, wannan naku ne.

Mai zazzaɓi ba a yi masa tausa, ko da ya ce ciwon jiki ne kawai ya dame shi. Ka ajiye ma'aunin zafi a shago. Zafin jiki ya kai digiri 38, a tafi asibiti. Muna maƙwabtaka da Bauchi da Taraba, jihohin da zazzaɓin Lassa ke yawan ɓulla da rani, kuma yana farawa ne da kasala da ciwon tsoka kamar kowane zazzaɓi, yana kuma bin jini da ruwan jikin mai shi ya kama mai jinya. In kuwa wuya ne ya sanƙare, ga zazzaɓi ga ciwon kai, musamman a tsakiyar zafi kafin saukar damina, ka ɗauka sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Ciwon baya shi ne abincinmu, yawancinsa kuma na tsoka ne, daga dako, noma, ko zaman babur. Amma akwai wanda ba naka ba. In ya zo da rashin ji a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, ko ƙafafu biyu suna mutuwa, jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne, kuma sa'o'i ake ƙirgawa ba kwanaki ba. In ya zo da rama da gumin dare da tudu a ƙashin baya, tarin fuka yana cin ƙashin baya, ba huhu kaɗai ba. In ciwon ba ya lafawa ko an kwanta, yana tayar da mutum cikin dare, ko mai shi ya taɓa jinyar daji, a fara ganin likita.

Sabon rauni kuma, kwana 2 zuwa 3 na farko ba murza, ba ruwan zafi, ba man zafi. Na san wannan ya saɓa wa abin da muka tashi muka tarar, amma wurin jini yake tsattsafowa ta ciki, zafi da murza ƙara shi suke yi. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar. In ba ya iya takawa, ko gaɓar ta sauya siffa, ko ƙashin kansa ne ke ciwo in an taɓa, sai hoto. Kai ba mai ɗori ba ne. Wanda maciji ya sara ma ba a murza wurin. Mutanen Kaltungo da kewaye sun san aikin kububuwa, asibitin saran maciji na can.

Wasu kuma za ka yi musu, amma da sauyi. Mai ciwon suga da ya daɗe sau da yawa ba ya jin tafin ƙafarsa sosai, zai ce ƙara ƙarfi alhali kana ji masa rauni, ruwan gashi ya ƙona shi bai sani ba, gyambonsa kuma ba ya saurin warkewa. Duba tsakanin yatsunsa kafin ka fara. Mai hawan jini da ke shan magani ba laifi. In awo ya kai 180 bisa 120, ko yana ciwon kai da jiri, ba yau ba. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, hannu mai sauƙi, don jini na taruwa masa a ƙarƙashin fata. Mai sikila, shafa mai taushi da ɗumi na rage masa raɗaɗi, amma ba ƙanƙara, ba jan ƙafa, in kuma da zazzaɓi ko ciwon ƙirji sai asibiti. Tsofaffi, musamman mata, ƙashinsu ya yi shara-shara, haƙarƙarin Goggo na iya tsagewa da nauyin da saurayi zai ce bai ji komai ba. Haka masu shan ƙwayoyin ƙiba da masu shafe-shafen bilicin, fatarsu ba ta da ƙwari. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, kada ka taɓa jan hannun da ya mutu, kafaɗar a sake take. Ka tura shi sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, ka bi abin da suka tsara.

Mai ciki, daga wata na biyar ba ta daɗewa a rigingine, don nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini. A kwantar da ita ta gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi, a bar cikin, a bar matsa ƙafa da ƙarfi. Ciwon kai da kumburin fuska da gani dishi-dishi ba gajiya ba ce, a kai ta asibiti. Mai jego da ke haki in ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, ita ma haka. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda zuciyar masu jego ke gazawa, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin da ake ɗora musu. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, cikinta sai likita ya ba da izini.

Mataki na uku: ɗaki da mai

Wannan ba ya son dogon bayani. Farce a yanke, zobe da agogo a cire, hannu a wanke da sabulu sakan 40 zuwa 60 kafin kowane mutum da bayansa. Katifa mai leda da za a goge, zani wankakke ga kowa. Ka duba fata da haske: ƙazuwa da makero suna bin hannu da zani, maruru da gyambo da ƙuna a kewaye su. In da yanka a hannunka ka rufe shi. Ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, sau 3 ake yi. Mai ɗauke da ƙanjamau kuwa ba a korarsa, cutar ba ta ratsa lafiyayyar fata.

Man kaɗe, man zaitun, man kwakwa, man riɗi, duk suna yi. Ka ɗebo da cokali, kada ka riƙa tsoma yatsa a gwangwani. Ka tambaya ko akwai man da jikinsa ba ya so, in ana shakka a shafa kaɗan a cikin damtse a jira. Man zafi irin su Robb da Aboniki a wuri ƙarami ake sa shi, ba a kan rauni ba, ba a bi shi da ruwan zafi ko a naɗe da bandeji, ba a kuma shafa wa jariri. Ruwan gashi ka gwada shi a cikin damtsenka, ba a tafin hannunka da ya riga ya yi kanta ba.

Mataki na huɗu: tausar kanta

Ɗumama man a tafinka, ka ce "zan fara", sannan ka ɗora hannu. Fara da doguwar shafa marar nauyi, minti uku ko fiye. A nan tsoka ke sakewa, a nan kuma hannunka ke karanta wurin: ina ya yi tauri, ina ya yi ɗumi, ina mutum ya zabura. A hannu da ƙafa, nauyin shafa ya nufi wajen zuciya, dawowa kuma a sake hannu, don jijiyoyin da ke mayar da jini suna da 'yan ƙofofi masu buɗewa ta gefe ɗaya. Jijiyoyin da suka fito suka murɗe a ƙafa, a wuce su.

Daga nan sai cuɗa, kamar mai kwaɓa fulawa, kana ɗago tsokar daga ƙashi. In ka sami ƙulli, ɗora babban yatsa ka nutsa a hankali, ka tsaya sakan 20 zuwa 30, ka saki a hankali. Ka ce masa, daga 1 zuwa 10 nawa kake ji? Kada ya wuce 6 ko 7. Amma kada ka dogara da bakinsa kaɗai, mutanenmu akwai dauriya, ga kunyar a ce namiji ya yi raki. Kalli yatsun ƙafarsa da numfashinsa. In ya riƙe numfashi ko ya damƙe zani, ka wuce gona da iri, tsokar ma ƙanƙamewa take yi don ta kare kanta. Masu cewa in ba a ji zafi ba ba a yi aiki ba, ka yi musu bayani sau ɗaya. In sun nace, akwai wasu shagunan. Ka rufe da shafa mai sauƙi kamar yadda ka fara. Wuri ɗaya minti 15 zuwa 20 ya isa, jiki duka awa ɗaya.

Ka tattala naka jikin. Gado ya kai inda dunƙulen hannunka ke taɓawa in ka miƙe tsaye, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, nauyi ya fito daga jikinka ba daga yatsu ba. Na ga waɗanda babban yatsa ya kore su daga sana'ar tun da ƙuruciyarsu.

In ka gama, ya juya gefe, ya zauna minti ɗaya kafin ya miƙe, don jiri na ɗibar mutane a nan. In wani ya sume, kwantar da shi a rigingine ka ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa. In baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya saki, ko ƙirji ya riƙe da gumi, a ɗauke shi nan take. Lambar mai mota ko mai Keke na kusa ta kasance a wayarka, ka kuma nemi horon taimakon gaggawa a wurin 'yan Red Cross.

Mataki na biyar: amana

Mutumin da ya kwanta ya juya maka baya ya ba ka abin da ba ya ba kowa. Kafin ya cire riga ka faɗa masa inda za ka taɓa da dalili, da kuɗin, da tsawon lokacin. In ciwon ƙugu ne kuma kana buƙatar saman ɗuwawu, ka faɗa tukuna, ya amince, ka yi ta kan zani. Ya ce tsaya, ka tsaya, ba sai ya kawo hujja ba. Ka fita ya kintsa, ka yi sallama kafin ka dawo. Wurin da ake aiki kaɗai ake buɗewa, a rufe shi kafin a buɗe wani. Tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ce, kuma mai tausa ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa wannan don kawai yana riƙe da kwalbar mai.

Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace. A garin nan wannan ba abin muhawara ba ne, ga hadisin da ya hana namiji keɓewa da matar da ba muharramarsa ba. An sha kirana a ce, "Malam, Hajiya ce ba lafiya, ai kai kamar ɗa ne." Sai in ba da lambar wata baiwar Allah da na yarda da aikinta. Yaro kuwa sai da uba ko uwa a cikin ɗakin, ba a bakin ƙofa ba. Ku mata masu zuwa gidaje, a gida a san inda kuka tafi da lokacin dawowa. Wanda ya fara kawo wata magana ko wani motsi da ba na tausa ba, ba a tsaya jan zance: a ɗauke hannu, a ce aiki ya ƙare, a fita.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Za ka ga tabo, ka ga guru a ƙugu, ka ji ciwon da ko matar mutum ba ta sani ba, don in jiki ya sake baki ma sakewa yake. Ba na majalisa ba ne, ba kuma na matarka ba. Ko cewa wane yana zuwa wurina, ni ba na faɗa. Waya ta zauna a aljihu. Hoton bayan mutum a TikTok ko a WhatsApp don talla, ba tare da ya yarda da bakinsa ya kuma ga hoton ba, cin amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan da ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda aka fi tsaurara kariyarsu. Abu ɗaya ne ba a rufewa: in ka ga alamar ana azabtar da yaro, ka nemi wanda zai iya tsamo shi.

Sai sanin iyaka, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Za a fara kiranka Dakta. Ka gyara wa mai kiran tun ranar farko. Likitan gashin ƙashi shekaru ya yi a jami'a, kuma akwai hukumar da aka kafa a 1988, MRTB, mai yi musu rajista. Kai ba ka faɗin sunan cuta, ba ka yin allura, ba ka sayar da ƙwaya, ba ka cewa a ajiye maganin hawan jini, ba ka alƙawarin tausa za ta warkar da suga ko ta kawo haihuwa. Abin da take yi shi ne sassauta tsoka, rage ciwo, kawo barci, kuma wannan ba kaɗan ba ne. Wanda ya zo sau uku ko huɗu ba sauyi, kada ka mayar da shi saniyar tatsa, tura shi gaba.

Mataki na ƙarshe: littafi

Ka sayi littafi mai kauri ka ajiye inda ba mai buɗewa. Kowane mutum layinsa: kwanan wata, abin da ya kawo shi, magungunan da yake sha, inda ka taɓa, man da ka sa, yadda ya tashi. Ka gaya masa jiki na iya yin tsami kwana ɗaya ko biyu, amma in ciwon ya ƙaru, ko wani wuri ya sage, ko ya kumbura, ya kira ka. Washegari in bai kira ba kai ka kira.

Wanda ka sallama ma ka rubuta shi, ka kuma ba shi 'yar takarda ya kai asibiti. Abin da idonka ya gani kawai za ka sa, ba abin da kake zato ba: "Sharaɓar hagu ta kumbura tun jiya, ta fi ta dama da santimita 3, da ɗumi, ya dawo daga doguwar tafiya a mota. Ban yi masa tausa ba." Ka sa kwanan wata da lambar wayarka. Ba a karɓar kuɗi a wannan, ko ya miƙo.